Norris Verret, Mai Mayar wa Kada Tsoronsa

Kafin in buɗe shagon ƙanƙara da safe, motar Norris Verret ta riga ta iso bakin gada. Tsohuwar a-kori-kura ce wadda ba mai iya rantsuwa a kan launinta na asali. A bayanta akwai igiya, da doguwar gora mai zarge a kai, da baƙin salatif irin na masu gyaran wuta. A tsaye yake shan kofinsa yana kallon ruwa, kuma ba ya amsa gaisuwa da kyau sai kofin ya ƙare. Mun daɗe da daina jin haushin wannan. Daga nan wayarsa za ta fara ƙara. Kada ya kwanta a ƙarƙashin motar wani, kada ya shiga kwalbatin makaranta, ko kuma wani baƙo ya sayi gida a bakin rafi ya wayi gari yana mamakin ganin waɗanda suka riga shi zama a wurin.

A ƙarshen watan nan zai ajiye aikin, bayan shekaru sama da talatin. Gwiwoyi sun gaji, hannun dama kuma ba ya ɗaguwa ya wuce kunne. Za a yi masa walima a zauren coci, za a dafa miyarmu ta gumbo da jatan lande, za a yi jawabai. Na san jawabanmu na garin nan, Pointe Cendre. Kowa zai tashi ya faɗi tsawon kadan da ya gani da idonsa Norris ya jawo, kuma kowane kada zai ƙara tsawo kafin a kwashe kwanuka. Shi ya sa na ga gara in rubuta nawa tun yanzu, ni Marlene mai ƙanƙara, wadda ba ta taɓa auna kada ba, amma tagarta na kallon rafin nan tun tana amarya.

Aikin nasa a faɗe ba shi da wuya. Hukumar namun daji ta jiharmu ta Louisiana ce ke turo masa ƙorafin mutane, shi kuma ya je ya gani. In ƙarami ne, ya zarge shi, ya danne, ya naɗe masa baki da salatif, ya kai shi can cikin fadama. Ƙarfin kada a rufe baki yake, wajen buɗewa kuwa ɗan salatif ya ishe shi. In babba ne da ya saba da mutane, harbi ne, domin kada ya san hanyar gida. Ka ɗauke shi ka kai shi nesa, bayan wani lokaci ka tarar da shi a inda ka ɗauko shi yana shan hantsi. Norris ya harbi da yawa, bai taɓa ɓoye wannan ba, ban kuma taɓa jin ya yi alfahari da shi ba.

Fada Gerard, limamin cocinmu, zai iya ba da shaidar shekarar da wata macen kada ta tara ciyawa da laka ta yi sheƙa a bayan maƙabarta. Duk wanda ya je share kabarin iyayensa sai ta taso tana huci. Matan coci suka ce a kashe ta kafin ta ci wani. Norris ya zo ya duba, ya kewaye wurin da igiya, ya ce da su:

“Ba ku take nema ba. Ƙwai ta binne a tsibin can, zafin ciyawar da ke ruɓewa ne ke yi mata kwanci. Ku ba ta zuwa ƙarshen watan Agusta.”

“Matattunmu fa?” in ji ɗaya daga cikinsu.

“Su ba inda za su, Gwaggo.”

Da lokaci ya yi, 'ya'yan suka fara kuka tun suna cikin ƙwai. Uwar ta tone tsibin, ta riƙa kwasarsu a baki tana kaiwa ruwa. Fada ya ce ya tsaya yana kallo har ya makara zuwa addu'ar safe. Bayan kwana kaɗan ba a sake ganinta ba, Norris ya zo ya kwance igiyarsa.

Waɗanda suka gudu lokacin babbar guguwar nan su ma suna da abin faɗa. Kafin a buɗe hanya mu dawo, Norris ya bi gidajen garin da kwalekwale, yana leƙa ƙarƙashin kowane gida da kowane ɗakin ajiya, yana fitar da kadojin da ruwa ya bari. Ba wanda ya sa shi. Nasa gidan ma rufin ya tafi, sai da ya gama da namu ya koma kansa.

Kai ne, Norris, ka yi shekaru kana faɗa mana magana ɗaya har ta gundure mu: da tsoron mutum ake haihuwar kada, mu ne muke cire masa. Mun ji, mun kuma ci gaba da abin da muka saba. A garin nan kowane gida yana da teburin gyaran kifi a bakin ruwa, kuma tun kakanni in an gama sai a share kai da hanji a zuba rafi. Ba wanda yake ɗaukar wannan a matsayin ciyar da kada. Shara ce muke zubarwa. Kada kuwa ba ruwansa da sunan da muka sa wa abin. Abin da ya sani shi ne duk inda aka ji tafiyar mutum a kan katako, abinci na biyo baya.

Wanda ya fi kowa nisa a wannan shi ne marigayi Wilton Chaisson, wanda dandamalin gidansa ke fuskantar shagona daga tsallaken rafi. Shi bai tsaya a zubarwa ba. Yakan buga bokiti a jikin ginshiƙi, wani kada ya taso, ya jefa masa. Ya sa masa suna Gwamna, wai don ci da kwanciya kawai ya sani. Da Wilton ya rasu, matarsa Eula ta gaji gidan, ta gaji bokitin. Kullum da la'asar za ta fito da sandarta, ta sauka matakalar katako a hankali, ta buga bokiti, ta zauna tana yi wa Gwamna hira. A lokacin ta haura tamanin, shi kuwa ya fi kwalekwalen Wilton tsawo.

Gwaggo Eula ce ta riƙe Norris a coci ranar da aka yi masa baftisma, don haka Nanan yake ce mata, kamar yadda muke ce wa uwar baftisma. Ya sha yi mata magana. Amsarta ɗaya ce: ta yi masa wankan jarirai, ba shi zai koya mata zaman bakin ruwa ba.

Shekara uku da suka wuce, ɗanta Darrel ya zo daga birnin Houston don bikin Ista. Ya leƙo ta taga ya ga uwarsa ta sunkuya da sanda a hannu ɗaya, bokiti a ɗaya, kan Gwamna kuwa yana kwance a matakalar ƙarshe, kusa da ƙafarta. Ya shigo shagona a firgice, ya tarar da Norris yana sayen ƙanƙara.

“Yaya Norris, kana gari wannan abu yake faruwa?”

“Ina gari.”

“To ka harbe shi. Yau.”

“Ka yi magana da ita?”

“Maganar me? Ƙafarta ta zame sau ɗaya, shi ke nan, an gama. Zan dawo watan Agusta. In na tarar da dabbar nan, Mama ta bi ni Houston. Na riga na ga gidan tsofaffi mai kyau, kusa da ni.”

Darrel ba mugun ɗa ba ne, kuma gaskiya yake faɗa. Duk wanda ya ga abin da ya gani haka zai ce. Amma da suka haura gidan su biyu, Gwaggo Eula ta saurare su har suka gama, sannan ta juya wajen Norris.

“Ka ji ni da kyau, yaro. Ranar da ka harbe shi, ba sai Darrel ya roƙe ni ba, da ƙafata zan shiga motarsa. Me zan zauna in kalla a nan?”

Haka maganar ta tsaya. In kada ya zauna, za a ɗauke ta. In an kashe shi, za ta tafi da kanta. A wannan gida aka kawo ta tana amarya, guguwa ta rushe shi aka sake ɗaga shi a kan ginshiƙai, kuma duk garin mun san ba za ta daɗe ba a ɗakin da ba ya kallon ruwa.

Norris ya ce zai gwada abin da ba kasafai yake yiwuwa ba, wato ya mayar wa Gwamna tsoron da aka cire masa. Bai yi wa kowa alkawari ba. Ya fara da mu. Ya bi gidajen bakin rafi da tsofaffin durom-durom, ya ajiye ɗaya kusa da kowane tebur, ya ce a zuba hanjin kifi a ciki, shi zai riƙa kwashewa ya ba masu tarkon ƙaguwa. Duk tsawon wannan bazara motarsa wari take, ƙudaje na raka ta. Matarsa Jeanette ta hana shi ajiye ta a ƙofar gida.

Sannan kullum da la'asar ya je dandamalin Nanan da gora mai kauri. Ya buga bokiti, Gwamna ya taso, ya sauke masa gorar a hanci, ya bi da ihu da dukan kwanon rufi. Gwamna ya nutse. Washegari a sake. Daga tagata nake kallo, kuma da farko na ɗauka abin yana ci, don bayan 'yan makonni ko an buga bokiti ruwa shiru.

Ashe karatun da Gwamna ya ɗauka daban ne. Ya gane ƙarar motar Norris. In ya ji ta, ba ya fitowa. In motar ta tafi, Gwaggo Eula ta lallaɓo da bokitinta, sai ga shi kamar ba a taɓa taɓa shi ba. Norris ya koma ajiye motar a shagona ya tako da ƙafa. Gwamna ya gane takunsa a kan katako. Wata rana sai ga Norris ya fito daga gidan sanye da malafar Gwaggo Eula da rigarta ta zaman gida mai furanni, yana dogara sanda, yana jan ƙafa. Masu jiragen jatan lande da ke lodin ƙanƙara suka bar aiki suka jeru a bakin ruwa.

“Baiwar Allah, kina da miji?” in ji ɗaya daga cikinsu, Curtis Falgout.

“Rabu da ita, ta fi ƙarfinka. Dubi ƙwauri.”

“Norris, in ka gama ka zo ka gyara mana wuyan rigar, ya karkace.”

Bai ko waiwayo ba. Ya buga bokiti. Gwamna ya taso, ya zo rabin hanya, ya tsaya da idanu kawai a saman ruwa, ya daɗe yana kallo, sannan ya koma ƙasa. Har yau in an ga Norris a coci akwai mai tambayarsa ina ya baro malafarsa.

A ranar ce ya gane inda matsalar take, ya kuma faɗa wa Gwaggo Eula. Jeanette ce ta ba ni labarin yadda suka yi, don ita ta raka shi.

“Nanan, ni yake tsoro, ba mutum ba. Ko shekara zan yi ina dukansa, ke ba zai ji tsoronki ba. Sai dai in da hannunki.”

“Da hannuna me?”

“Ki kira shi yadda kika saba. In ya zo, ki doke shi.”

 Ta ce, “Tun yana kamar tsawon hannun nan Wilton yake ba shi abinci. Bai taɓa buɗe mini baki ba.”

“Na sani.”

“In kira shi da muryata, ya zo don ya yarda da ni, in sauke masa sanda. Abin da kake so in yi ke nan. A coci na riƙe ka, Norris.”

“Shi ya sa ban aiko wani ya faɗa miki ba. Ki zaɓa, Nanan. Ko wannan, ko bindiga, ko Houston. Ni ban ga ta huɗu ba.”

Ta kore su daga gidan. Kwanaki suka wuce ba ta nemi kowa ba, watan Yuli kuma ya kama. Sai wata safiya ta kira shagona a waya, ko gaisuwa babu, ta ce in gaya wa wancan mai warin kifin ya zo da gorarsa.

Na ga ranar farko da idona. Norris ya ɗaura mata igiya a ƙugu ya ɗaure a ginshiƙi, don ko ta zame ba za ta kai ruwa ba. Tun safe ya shiga gidan ta baya, ya zauna a bakin ƙofar kicin inda ba a hango shi daga rafi, bindiga a cinyarsa. Ya gaya mata tun farko cewa in Gwamna ya ɗora ƙafa a matakala zai harba, ba zai tsaya tambayarta ba. Ta sauko, ta buga bokiti wanda ba komai a ciki, ta yi kiran da take yi. Gwamna ya taso kai tsaye, ya ɗora haɓa a inda ya saba. Ta ɗaga gorar ta ɗan taɓa shi.

Muryar Norris ta tsallako rafi har shagona. “Nanan, wannan shafa ce.”

Ta sake ɗagawa da hannu biyu ta sauke masa a tsinin hanci. Ruwa ya tashi ya jiƙa ta har wuya. Gwamna ya ja baya, amma bai nutse ba. Ya tsaya nesa kaɗan yana kallonta, ita ma tana kallonsa. Ban san ko ta yi kuka ba, akwai nisa tsakaninmu. Na dai ga ta kwance igiyar da kanta, ta hau matakala, ta wuce Norris ta shige ciki.

Ba sau ɗaya aka yi ba. Ya dawo washegari, ta sake dukansa. Ya yi kwanaki bai zo ba, ya sake gwadawa, ta sake. Kullum Norris yana bakin ƙofar kicin cikin zafin nan namu mai narka mutum, kira yana taruwa a wayarsa, sai ya tashi daga nan ya bi su har magariba. Masu jirage sun daina tsokana a wannan lokacin. In la'asar ta yi sai ka ga kowa ya sami abin yi a ɗaya gefen jirginsa.

Da Darrel ya dawo a watan Agusta, uwarsa ta kai shi dandamali, ta buga bokiti, ta yi kira har muryarta ta dushe. Ba abin da ya motsa sai ƙananan kifaye. Ya tambayi Norris ko shi ke nan an rabu. Norris ya ce bai sani ba. Ya ce in sanyi ya shigo kadoji kan daina ci su shige ramukansu, don haka sai bazara ta dawo za a san gaskiya, kuma in Gwamna ya sake ɗora haɓa a matakalar nan shi da kansa zai buga wa Darrel waya. Darrel ya kwana biyu, ya kafa wa matakalar abin dafawa, ya koma Houston shi kaɗai.

Bazara ta dawo, Gwamna bai dawo ba. Yana can ƙarshen fadama, wajen tsohon bututun mai. Masu tarkon ƙaguwa suna jin rurinsa lokacin barbara, irin wanda ke sa ruwa rawa a gadon bayansa. Sun ce ko inuwar kwalekwale ya gani nutsewa yake. Gwaggo Eula tana gidanta, tana dafa abincinta, tana faɗa da mai yanke mata ciyawa. Tun ranar da ta fara ɗaga gorar nan ba ta sake yi wa Norris magana ba. In sun haɗu a coci sai ta duba littafin waƙa. Shi kuma har yanzu yakan rage gudu in ya zo daidai gidan, ya duba matakala, ya wuce.

Wannan ne abin da nake so a tuna ranar walima, in an gama auna kadoji. Harsashi ɗaya ya ishe ka, Norris, da safe ɗaya ka gama, ba kuma wanda zai ga laifinka. Ka zaɓi warin kifi da rigar furanni da dariyar gari, ka kuma san tun kafin ka buɗe baki cewa matar da ta riƙe ka a coci za ta juya maka baya. Mun gode. Na gode ni kaina, don in na ɗaga labule da la'asar har yanzu akwai mutum a gidan can. Ga wanda zai karɓi aikin bayanka, ina fata ya koyi zuwa ya duba kafin ya ɗauko bindiga. Ga sauranmu kuwa, durom ɗin nan suna nan kusa da tebura, kuma daga wata mai zuwa ba Norris da zai kwashe su. Kowa ya san hanyar masu tarkon ƙaguwa, ya kai da kansa.

Jiya na kai wa Gwaggo Eula ƙanƙara, na tambaye ta ko in biyo in ɗauke ta ranar walimar. Ta ce a'a. Na juya zan tafi, ta kira ni.

“Marlene, yana raye?”

“Wa, Gwaggo?”

“Kin san wa.”

Na ce Gwamna yana raye, an gan shi makon jiya yana shan rana, ya ƙara ƙiba. Ta gyaɗa kai, ta daɗe tana murza bakin rigarta.

“Ki gaya wa Norris ya yi daidai,” ta ce. “Ki kuma gaya masa ban yafe ba.”

Na ce wanne zan fara faɗa. Ta ce in faɗe su yadda ta ba ni, kar in rage ko ɗaya. To ga su nan, Norris, duka biyun.